Rakiyar Ɗan Yayata Damagum Neman Aikin Tafinta

Mun tashi da asuba daga Potiskum ranar Talatar da ta wuce, cikin bazarar wannan shekara da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna. Ni da ɗan yayata ne, muka nufi Damagum, inda Baturen likitan dabbobi ya yi zango yana yi wa shanu allura. An ce yana neman tafinta.

Ɗan yayar nan tawa ya daɗe a tsibirin Fanya yana aikin gonar koko. Abin da ya dawo da shi Fanyanci ne, yaren Turawan can, wanda ba mai saye a kasuwarmu. Ya riga ya gaya mini in bai samu aikin nan ba zai bi masu ɗibar lebura ya koma. Ga uwarsa, yayata, ta tsufa, idonta ya fara rauni, shi kaɗai kuma ya rage mata. Ita ta ce in raka shi.

Turancinsa wani akawun kanti ne ya koya masa, ni kuma nake rubuta masa darasin da ajami yadda kunnena ya ji. Abu biyu suka fi wahalar da shi: yadda ake kai maganar wani a ce "hi sed dat", wato "ya ce", da yadda Turawa suka raba "wanda", na mutum daban, na dabba daban. In kuwa ya tsorata, Fanyanci ne ke riga Turancin fitowa.

Motar fatu muka samu, sule guda kowa, muka zauna a kan kaya. Warin da muka sha sai wanda ya sha. Hanya yashi da gargada, kuka da aduwa dama da hagu, gonaki fayau suna jiran ruwa. Ina jan carbi yana bita, har ya kira saniya da "wanda" na mutane. Na ce ko ita saniyar ba ta nemi wannan girma ba. Bai yi dariya ba.

A nan na shiga koya masa abin da na sani. A wurinmu manzo ba ya kai wa babba magana tsirara. In talaka ya ce an cuce shi, sai manzo ya ce bawanka na roƙo a dube shi. Duk tsawon hanya wannan muka yi ta juyawa da Turanci, har lokacin da taya ta yi faci muka sauka gindin tsamiya. Wata Bakarekariya ta sayar mana da ƙosai na kwabo, mai zafi, yaji kamar da gayya.

Mun isa Damagum rana ta take. Muka yi azahar, na sayi burabusko da miyar kuka na sisi. Ni kaɗai na ci.

A bakin zangon muka tarar da masinjan Bature, tsohon soja. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya rage murya. "Malam, Baturen nan yana tsintar Hausa, mayarwa ce ba ya iyawa. Tafintan baya don yi wa magana ado aka kore shi." Ɗan yayata ya dube ni ya ce, "Kawu, to yanzu fa?" Na ce ya yi bisimilla, ba ni da abin da ya wuce wannan.

Aka shigar da mu rumfa. Bature na zaune, fuska ja wur don zafi. A gabansa wani dattijon Bafulatani ne tsaye da sanda. Bature ya yi nuni, dattijo ya buɗe baki: "Gaya masa allurarsa ce ta kashe mini karsana. Gaya masa ban yafe ba, kuma wanda bai taɓa kiwo ba, ba shi zai koya mini shanu ba."

Na sunkuyar da kai ina salati. Ɗan yayata ya ce "Sinyo", yadda ake kiran Bature a Fanya, ya tsaya. Na ce shi ke nan, jirgin Fanya ya tafi da shi. Sai ya sake farawa, "Hi sed dat", ya jero maganar a hankali. Na ji kalmar allura, na ji ta saniya, na tabbata bai rage kome ba don na ga kunnen Bature ya ƙara ja.

Can Bature ya yi tambaya, yaushe aka yi allurar, me karsanar ta ci bayan nan. Aka yi ta kai da kawowa har la'asar, ƙarshe ya ce gobe zai je rugar da kansa. Da zai tashi ya nuna ɗan yayata ya ce wa masinja a ba shi kakin aiki, ya je gida ya kintsa ya dawo ran Asabar.

Mun kwana a masallaci, washegari muka samu motar gero. Abin da na riƙo daga tafiyar nan shi ne maganar mutum amana ce, laushin da muke sa mata wani lokaci tauye mai ita ne.

Mun tarar da yayata a zaure, inda ba ta saba zama ba. Ɗanta ya durƙusa ya gaya mata. Ta lalubo kansa ta dafa. Sannan ta ce, "Tafiyar nan da ka yi Fanya ba sallama, yau na yafe maka. Tashi ka ci tuwo."