Goron da Na Mayar Segbana

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Sau uku ina farawa ina gogewa, saboda ni karatuna a aji shida na firamare ya tsaya, kuma na san akwai masu digiri a cikin masu karanta abin da ake rubutawa a nan. Ina kuma tsoron kada in ƙara abin da bai faru ba, in ɗauki alhakin wani. Waɗanda suka san ni sun san halina. Sai in kulle ƙofa in yi nisa, in dawo in sake jijjiga kwaɗon. Na taɓa komawa har Bagudo don in mayar wa wani biro da na manta a aljihuna, na tarar shi ma ya manta da biron. To yau dai na daure, in an ga kuskure a yafe mini.

Shekarun baya, a shekarar da ruwa ya cinye mana shinkafa a fadamar Kaoje, ina zaune ba aikin fari ba na baƙi. Mahaifinmu ya riga ya rasu, yayyena mata suna ɗakunan mazajensu, gida ya rage daga ni sai mahaifiyata. Abin da nake taɓawa kawai shi ne ranar kasuwar Tsamiya in zauna gefen wani mai shayi, mutane su riƙa kawo mini takardu ina karanta musu. Wani wasiƙa, wani katin asibiti, wani galan ɗin maganin ciyawa. Turanci shi ne abin da kaina ya fi ɗauka a makaranta, kuma bayan na bari ban daina karanta duk abin da na tsinta ba, har takardar da aka ƙunshe mini ƙosai.

Ina da wani abokina tun na ƙuruciya, ɗan acaba ne, yana ɗaukar fasinja daga Tsamiya zuwa Segbana, can tsallaken boda a ƙasar Benin. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ya fi mashin ɗinsa gudu.

Wata rana na dawo daga duba abin da ruwa ya bari a gona, sai na tarar da mata cike da tsakar gidanmu, kowace bakinta ja da goro. Suna ganina suka ɗauki guɗa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta riƙe hannuna tana cewa, "Malamin Faranshi! Allah Shi sa alheri, kak ka manta da mu."

Na ja mahaifiyata ɗaki na ce, "Inna, mi ya hwaru?"

Ta ce, "Abokinka yaz zo ba ka nan. Wani Alhaji na Segbana ya aiko ma da ƙwaryar goro, yana son ka tai ka koya ma mutanenai Turanci. Da ɗaki, da abinci, da albashi. Na ce Alhamdulillahi, na raba ma maƙwabta."

Ku da ba ku san al'adarmu ba, in babban mutum ya aiko maka goro tare da magana, goron nan ba kyauta ba ne, tambaya ce. In ba ka yarda ba, sai ka mayar da shi yadda ya zo, da ban haƙuri. In kuwa aka ci, to ka amsa. Mahaifiyata ta san haka sarai. Murna ce ta sa ta amsa a madadina da goro ɗari, tun ban ji tambayar ba.

Ban ɓoye muku ba, na fita na bi gida uku ina neman ko akwai sauran goron da ba a taɓa ba. A gida na uku tsohuwar nan ta buɗe mini baki ta ce, "Ga shi nan, zo ka ɗauka." Na dawo da kunya.

Da yamma na samu abokina yana wanke mashin. Na ce, "Mi kac ce ma Alhajin nan a kaina?"

"Gaskiya nic ce mai. Na ce kana jin Turanci kamar ruwa."

"Sai mi?"

Ya ci gaba da goge taya. "Na ce ka yi karatu mai zurfi."

"Aji shida ne zurfin?"

"To ni da nit tsaya aji biyu, in na leƙa naka ai rijiya ne. Kai dai ba ka da sauƙi wallahi. Mutane na neman aiki da fitila, kai aiki ya biyo ka har gado kana tambaya tai satifiket."

Kwana takwas na yi ina juya maganar. In na dubi rumbunmu, sai in ce tafiya ta zama dole, don abin da ke ciki ba zai kai mu damina ba. In na dubi mahaifiyata, sai in ce wa zai ɗebo mata ruwa. Ban iya Faransanci ba, Dendi kuma, yaren mutanen can, gaisuwa kawai na sani. Na riƙa ganin jandarmomi sun kama ni suna tambayata da yaren da ban ji, ina amsawa da wanda ba su ji. Amma duk waɗannan ƙanana ne. Babban abin da ya hana ni cin abinci shi ne, mutumin nan yana zaton malamin kwaleji zai ɗauka. In na je na yi shiru, duk lomar da zan ci a gidansa ta ha'inci ce. In kuma na faɗi gaskiya, zai sallame ni, in dawo garin da aka riga aka yi mini guɗa.

Na yi istihara har sau uku ban ga komai ba. Na je na gaya wa limaminmu, ya ce, "Istihara ba majigi ba ce da za ka zauna a nuna ma. Ka roƙi zaɓi, to tashi ka yi abin da ad daidai, ka ga inda ƙohwa za ta buɗe."

Mahaifiyata ce ta raba gardamar. Ta ga na ture tuwo karo na biyu, ta ce, "Ɗiyana, ni nib ɓata, ni ka gyarawa." Ta kama zabinta guda biyu ta ba ni. "Sai da su ka sayi goro ɗari. Ka tai da kanka ka hwaɗa mai gaskiya. In ya kore ka, ka dawo. Masu guɗa ni ka ji da su, ai ni nik kira su."

Ranar da muka tafi, na sa takardar shaidar firamare a leda na cusa cikin riga. Goron kuwa na ƙirga shi sau biyu wajen mai goro, na sake ƙirgawa a gida, ɗari cif, na rungume shi a bayan mashin. A boda igiya ce kawai aka ɗaure a hanya. Jandarman da na kwana takwas ina tsoro ya fito yana hamma, ya gaisa da abokina da Hausa, ya leƙa ƙunshina, ya zaɓi manya guda biyu ya ce mu wuce. Daga nan har Segbana ban ga hanya ba, lissafi kawai nake yi: saura casa'in da takwas, yaya zan ce na mayar da goro yadda ya zo?

Alhajin dattijo ne dogo, Dendi ne amma Hausarsa tsaf, yana da rumfar maganin dabbobi a bakin kara, inda ake cinikin shanu. Mun tarar da shi da mutane kamar goma a kan tabarmi, yawancinsu Fulani ne manya. Na so in gan shi a keɓe, amma ya ce in faɗi abin da ke tafe da ni, duk 'yan gida ne.

Na durƙusa na ajiye goron. Na ce, "Baba Alhaji, goronku nim maido. Wanda kunka aiko an ci shi bisa kuskure, wanga madadi nai ne, kuma biyu sun yi ciwon kai a boda. Sannan abin da anka hwaɗa muku a kaina ba haka yake ba. Ban yi kwaleji ba, ban yi sakandare ba." Na zaro takardar na miƙa masa da hannu biyu.

Abokina ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mashin. Alhaji bai ko buɗe ledar ba. Ya miƙa hannu bayansa ya ɗauko wata kwalbar allurar shanu ya ce, "Karanta muna wagga."

Na fara karantawa ina fassarawa. Yawan da za a yi wa saniya gwargwadon nauyinta, inda za a soka allurar, kwana nawa za a jira kafin a sha nononta. Ina ta tafiya lafiya, sai na ci karo da wata doguwar kalma da ban taɓa gani ba. Kowa ya zuba mini ido. Ba wanda ya iya Turanci a wurin, da na faɗi duk abin da na ga dama da an karɓa. Na ce, "Wagga ban san ta ba. In na hwaɗi wani abu ƙarya ce."

Sai wani Bafulatani mai farin gemu ya yi magana da Fulatanci, suka kwashe da dariya. Na ce shi ke nan, an gama da ni.

Alhaji ya ce, "Ka san mi yac ce? Ya ce yau ya ga mai karatun da ke da birki." Sannan ya yi mini bayani. Maganin dabbobinsu yawanci daga Nijeriya yake shigowa, rubutun jikinsa da Turanci, su kuma 'ya'yansu Faransanci suka koya. A baya sun samu wani mai manyan takardu yana karanta musu, bai taɓa cewa bai sani ba, ko wace kwalba sai ya zuba bayani. Da bayaninsa aka yi wa shanun wannan dattijon allura, masu ciki suka zubar. "Ni ba takarda nika nema ba," in ji shi. "Takarda mun gani. So nike mutanena su iya duba kwalba da idonsu, kuma wanda zai koya musu ya zan mai tsoron Allah. Kalmar da ba ka sani ba, akwai littahin da ka hwaɗin ta?"

Na ce akwai, ƙamus ake ce masa.

"To a sawo shi. Goro kuma an ci, ka riga ka amsa, ba a maido muna shi." Ya kwance ƙunshin ya fara rabawa. Na ce, "Baba, ai ba ɗari ba ne." Ya ce, "Jandarma ma shaida ne, ya ci nashi."

Shekara uku na yi a can. Ajina rumfa ce, ɗalibaina duk sun haife ni ko sun girme ni, allonmu murfin tsohon firji ne da aka shafa wa baƙin fenti. Da kwalabe da galan muka yi karatu, ba da littafi ba. Sau da yawa a tsakiyar darasi nakan ce su dakata in duba ƙamus, su kuma su ce, "Malam ya taka birki." Ranar da dattijon nan mai farin gemu ya ɗauki kwalba a kasuwa, ya duba kwanan watan da ke jiki, ya mayar wa mai tallan ya ce ta lalace tun bara, sai da na koma bayan rumfa na share hawaye. Duk ƙarshen wata abokina yakan kai wa mahaifiyata saƙo, kuma har yau yana cewa ƙaryarsa ce ta yi mini hanya. Ni kuma ina cewa Allah dai Ya yafe masa.

Yanzu in na tuna, abin da ke ba ni mamaki shi ne, halin nan nawa da kowa ke yi wa dariya, wanda ni kaina nake ɗauka ciwo ne, shi aka ɗauka aiki. Ban ce waswasi abin kirki ba ne, yana wahalar da ni har gobe. Amma na gode wa Allah da bai bar ni na yi shiru a rumfar nan ba, na gode wa mahaifiyata da zabinta, Allah Ya jiƙanta.

Abin da ya sa na rubuta shi ne wannan. Barina Segbana ba shiri. Ranar kasuwa aka aiko cewa jikin mahaifiyata ya tsananta, na tarar da Alhaji cikin ciniki, na ce masa daga nesa zan dawo mako mai zuwa. Ya ɗaga mini hannu. Jinya ta yi tsawo, aka yi rasuwa, gona da iyali suka riƙe ni. Da na samu komawa, na tarar wani ke rumfar, aka ce idanunsa sun samu matsala, ɗansa ya tafi da shi wajen Malanbil. Ban taɓa zama na yi masa godiya yadda ta kamata ba.

Don Allah, 'yan acaba da direbobi da masu fataucin shanu da ke bin hanyar Segbana zuwa Malanbil, in akwai wanda ya san dattijon da ya taɓa sayar da maganin dabbobi a bakin kara, wanda ya buɗe ajin Turanci a rumfarsa, ya sanar da ni halin da yake ciki. In ya riga mu gidan gaskiya, a nuna mini gidan ɗansa in je ta'aziyya. In kuwa yana raye, a gaya masa malaminsu bai gudu ba, makon ne ya yi tsawo, kuma ina tafe.