Ragowar Kifin da Na Miƙa wa Mahaifina

Edita, ina roƙon fili in fitar da abin da ya daɗe yana cin raina. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ni saurayi ne ɗan masunta daga wani ƙauye a bakin tafkin Kainji, tsakanin Yauri da Wara. Mahaifina Basarke ne, a cikin jirgi ya tsufa, Inna kuma bandar kifi take yi. Da wannan kifin suka yi mini karatu har na samu aiki a wata ma'aikata a Birnin Kebbi. Kawun matata, wanda babba ne a ma'aikatar, shi ya tsaya aka ɗauke ni. Daga nan na fara jin kaina, ina ganin na wuce warin kifi.

A ƙauyenmu akwai wani ɗan ƙasar Sin da ya zo da kamfanin gyaran hanya. Aiki ya ƙare, shi ya zauna, ya kafa rumfar kwano a bakin ruwa yana dafa kifi da shinkafa irin na ƙasarsu. Da Kawun ya ce zai zo Yauri da iyalinsa, sai na ga dama ta samu in nuna mu ma mun waye. Na ce a rumfar ɗan Sin ɗin za mu ci abincin rana, mu da su da iyayena. Inna ta ce ba a san surukai da haɗa hannu a akushi ɗaya ba, kuma ga kifi a gida da ta fi kowa iya sarrafa shi. Na ce mata zamani ya canja. Baba kuwa ya sa aka wanke masa babbar rigarsa ta Sallah.

Muka zauna a teburi ɗaya. Aka kawo karfasa da aka turara da citta da albasa, da giwan ruwa a cikin jan romo, da wasu 'yan sanduna bibbiyu da ake ci da su. Baba ya juya sandunan, ya ajiye, ya wanke hannu ya yi bisimilla. Nan Kawun ya fara. Ya ce ai mutumin ruwa ko an kai shi Makka sai ya nemi komar kamun kifi. Ya ba da labarin wani masunci da ya tsayar a bakin ruwa da safen nan, wai ya taya kifinsa mutumin ya ƙi sayarwa, shi kuwa ya gaya masa cewa da shi da kifin ba a san wanda ya fi wari ba. 'Ya'yansa suka kwashe da dariya. Na dubi Inna, na ga ta sunkuyar da kai ta daina ci, sai na gane Baba ne masuncin. Ya ƙi sayarwa ne don kifin na wannan teburin ne, shi ya kai wa mai gidan abincin saboda baƙina. Edita, na gane sarai, amma na yi dariya tare da su, don ina tsoron ɓata wa wanda ya sama mini aiki.

Ba a jima ba ƙayar karfasa ta maƙale wa Kawun. Ya yi tari, ya haɗiyi lomar shinkafa, ya sha ruwa, abu ya ƙi. Idanunsa suka yi ja, yawu na zuba kan rigarsa, matarsa na salati. Ɗan Sin ɗin ya fito a guje da ruwan tsami a kofi, bai yi amfani ba. Asibiti kuwa sai Yelwa, can cikin garin Yauri. Baba ya tashi a natse ya wanke hannu. Cire ƙaya gadonmu ne, tun daga kakanni. Ya riƙe haɓar mutumin, ya yi addu'a, ya shafa maƙogwaronsa, ya sa yatsu biyu, sai ga ƙaya da ɗan jini a jikinta. Ya ajiye ta a gefen faranti ya koma mazauninsa.

Na zaci Kawun zai ji kunya. Wallahi ko sannu bai ce ba. Da numfashinsa ya dawo, cewa ya yi ai dama aikinsu ke nan, kowa da abin da Allah ya yi shi dominsa. Sannan ya nuna farantin da suka tsattsage, kai da ƙashi da romo, ya ce in sa a ƙulle wa tsoho ya tafi da shi gida. Har yau in na tuna jinina tafasa yake yi. Mutumin da aka ceto yanzun nan, a garinmu, a kan kifin da ubana ya kamo! Amma fushina a kaina ya fi yawa, domin ni na karɓi leda, ni na juye ragowar, ni na miƙa wa mahaifina da hannu biyu. Ya karɓa, ya dube ni, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya kama hanya, Inna na biye da shi.

Bayan kwana biyu na je na durƙusa ina ba shi haƙuri. Ya ce bai riƙe baƙon da komai ba, don bai san shi ba, ni kuwa ya yafe mini. Na yarda ya yafe. Sai dai ya yi shekara shida a duniya bayan haka, ya zo gidana sau da dama, kuma ko sau ɗaya bai ƙara cin abinci a gabana ba. Kullum sai ya ce a ƙoshe yake. Aikin da na yi wa wannan dariya ma ban daɗe a cikinsa ba.

Ina kira ga duk wanda karatu ko aiki ya ɗaga: in aka wulaƙanta iyayenka a gabanka, yi magana a take, ko da kujerarka za ta tafi. Shirun minti ɗaya na yi, na nemi gafara aka ba ni, amma mahaifina ya koma ga Allah yana jin nauyin cin tuwo a gidan ɗansa.