Awadiyya da Rassan Koko

Da yaƙi ya kai unguwarsu a Omdurman, Awadiyya ta iso Alkahira da jaka ɗaya da ciwon gwiwa. Kakanta ya yi aikin gonar koko a Kumasi, kafin ya kama hanyar Makka a ƙafa ya yada zango a Sudan. Shi ya ba ta labarin itacen da 'ya'yansa ke fitowa a jikin gangarsa, cikin inuwar da ke ɗigar ruwa ko ba hadari. Har ta yi furfura ba ta gan shi ba.

A unguwar Ma'adi ta samu aikin ban ruwa a lambun furannin Ammu Fadl, wani dattijo ɗan ƙasarsu. Wata safiya wata baturiya mai shirin komawa gida ta bar musu itace a tukunya, rabin ganyensa ya ƙone.

"Koko ne, na cakulan," in ji Fadl. "Khalas, shi ke nan, iskar garin nan ta gama da shi."

Awadiyya ta daɗe tana shafa ganyen.

"Ammu, ba ni hodar nan da kake sa wa wardi ya yi saiwa."

"Ma'alish, yi haƙuri, Hajiya, wahala za ki sha."

Ta yanko rassa tara masu ɗan ƙwari, ta rage kowane ganye rabi. Ta tsoma gindinsu a hodar, ta kakkaɓe, ta dasa a yashi mai laima, ta rufe da leda. Sau biyar a rana take fesa musu ruwa. In ta cusa kai cikin ledar, ɗumi ya rufe mata fuska, sai ƙarar jirgin metro ta yi nisa. Ta ga kanta a daji mai duhun ganye, ƙafarta na nutsewa a taushin ƙasa, gwiwar ba ciwo.

Bakwai suka ruɓe. Uwar itacen ma ta bushe. A mako na shida ta ja na takwas a hankali, ya ƙi fitowa, ya yi saiwa. Na tara ma haka.

Da bazara suka yi sabon ganye, ja, laƙwas kamar jiƙaƙƙen ƙyalle. Ta kira Fadl, wai suna mutuwa.

Ya duƙa ya duba, ya yi dariya.

"Haka jaririn ganyensa yake, Hajiya. Yalla, nemo manyan tukwane biyu."