Farfaɗiyar Yayana

Yayana tela ne a bakin kasuwar Daura, kuma a kan keken ɗinkinsa ya fara faɗuwa, a shekarun farko na shari'a. Ina shagon ranar. Jikinsa ya sandare, ya kama karkarwa, kumfa na fita daga bakinsa. Mutanen da ya daɗe yana ɗinka wa kayan salla suka dare, wani na cewa kada a taɓa yawun, ana ɗauka. Wanda ya yi ta maza ya matso kuwa cokali ya cusa masa a baki, ya karya masa haƙori.

A lokacin masu ruƙya sun cika gari. Baba ya kai shi wajen wani, wanda bai tambayi komai ba ya ce aljani ne. Ni ban taɓa jayayya da karatun Alƙur'ani ba. Bulalar ce har yau ban yafe ba. Ya tsula masa ita har bayansa ya fashe, yana cewa ba shi yake duka ba.

Na ce, "To wa ke jin zafin?"

Baba ya ce in fita.

Yaya ya daina hira, abu kaɗan sai fushi, wani yinin ko ƙofar ɗaki ba ya leƙowa. Aka ce aljanin ne ya gyara zama.

Gwaggonmu, yayar Baba, ta zo daga Baure ta ga tabon bulala a bayan Yaya. Ta dubi Baba ta ce, "Kai, ɗanka ne wannan ko jaki?" Washegari ta sa mu a motar Katsina zuwa asibiti.

Likitan ya saurare mu, sannan ya ce wa Yaya, "A ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyi masu zuga, akwai masu tsawatarwa. Masu tsawatarwar ke sa kowace ta jira lokacinta. In sun yi rauni sai duk su tashi lokaci guda, mutum ya faɗi. Ɓacin ran ma yakan biyo ta nan. Maganin nan ƙarfi zai ƙara musu."

Faɗuwar ta ragu, ta koma sai jefi-jefi. Yaya ya buɗe shagonsa, amma ba duk masu kawo ɗinki suka dawo ba. Mai ruƙyar kuwa ya riƙa faɗa a gari cewa shi ya fitar da aljanin. Baba bai taɓa ƙaryata shi ba, kuma har ya rasu yana tsayawa su gaisa a hanya.