Ni da Kalaba da Cikin Nana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara guda da watanni ban ce uffan a shafin nan ba. Masu cewa maigida ne ya ɓoye ni, ku yafe wa bawan Allah. Jinya na yi, kuma da ƙafata na je kasuwa na sayo ciwon.

Kalaba ce. Ga waɗanda ba 'yan Duwala ba, ita ce farar ƙasar nan da mata ke gutsura. A unguwarmu ta New Bell ba mai kallonki sau biyu don kina ci, balle in kina da ciki. Ni tun ina budurwa nake taɓawa, da na samu ciki na biyu kuwa sai ta koma min abinci.

Da can wadda ake kawowa ta hanyar Najeriya nake saye. Da rikicin yankin masu Ingilishi na ƙasarmu ya toshe hanya, sai na koma ɗaukar duk wadda na gani a tire a Kasuwar Dakar ta nan Duwala. Ban taɓa tambayar ramin da aka haƙo ta ba. Gwaggo Azumi, wadda ta raine ni, ta ba ni fatawa: "Ki riƙa zaɓar gasasshiya, 'yar nan. Abin da ya shiga wuta ai ya tsarkaka." Na riƙe fatawar hannu bibbiyu, don ta yi min daɗi.

A wata na biyar na fara haki. In share tsakar gida sai na huta sau uku. Ciwon ciki, jiri, bayan gida sai an yi kwanaki.

A wurin awo suka ce jinina ya yi ƙasa, suka ba ni ƙwayar ƙarin jini. Ina sha kullum. Amma tana tayar min da zuciya, sai in bi ta da kalaba don ta kwanta. A ganina dabara na yi.

Bayan wata guda jinin ya ƙara sauka. Likitar, wata mace mai ƙaramar murya, ta tambaye ni da Faransanci ko ina cin kalaba. Na dube ta ido cikin ido na ce ban ma san ɗanɗanonta ba.

Ta ce in miƙo karne, littafin awona. Na zaro shi daga jaka, sai ga gutsattsarin kalaba sun biyo shi, sun watse a kan teburinta.

Baban Ummi, maigidana, yana zaune a gefe. Ya kalli tebur, ya kalle ni, ya ce, "Maman Ummi, ashe gini kike yi a ciki ban sani ba." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na san ko ta tsage ci zan fara yi.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce laka tana kama sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar, ta fice da shi, jiki bai samu komai ba. Ta ce wata ƙasar kuma tana ɗauke da dalma, ko tun asalinta, ko daga bola da ruwan tsofaffin batura da suka tsuma ta. Na kawo mata fatawar Gwaggo. Ta ce, "Madam, wuta tana kashe ƙwayar cuta. Dalma ƙarfe ce, ba ta mutuwa. Kuma abin da ya shiga jininki yana isa wurin jaririn."

Nan dariya ta ƙare min. Na dafa cikina, na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Suka kwantar da ni, suka ƙara min jini leda biyu. Gwajin dalma ba a kowane asibiti ake yi ba, kuma da tsada, sai da aka aika jinin wani wuri. Kwanakin jira sun fi allurar ciwo. Da asuba a auna ni, da hantsi a saurari bugun zuciyar jaririya, ni kuma in riƙe numfashi har sai na ji shi.

Sakamako ya nuna akwai dalma, amma ba ta kai a yi min magani mai ƙarfi ba. Maganina shi ne in daina, in ci kifi da ganye da madara, a riƙa aunawa.

Dainawa ba wasa ba ce. Duwala ga ruwan sama, da ya taɓa ƙasa ƙamshin ya taso sai yawuna ya tsinke. Gwaggo ta tare a gidanmu, ta zama 'yar sanda, har zanina take kakkaɓewa. Wata rana na tarar tana share hawaye, ta ce, "Ni na ce ki ci." Na ce, "Gwaggo, ke ma haka aka gaya miki." Da jinina ya dawo, kwaɗayin ya tafi da kansa, kamar yadda likita ta faɗa.

Na haifi Nana lafiya. Sai dai likita ta ce ɓarnar dalma ba a ranar suna take bayyana ba, sai a wajen zama da tafiya da magana. Don haka na zuba ido, wata bayan wata.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitata, da Baban Ummi da ya ba da jininsa yana tsokanata, da Gwaggo.

Mata 'yan uwana, in ranki yana biya miki ƙasa, je a auna jininki, sau da yawa ƙarancinsa ne ke kiranta. Kada ki haɗa ta da maganin asibiti. Gasasshiya da ɗanya duk ɗaya ne. In likita ta tambaye ki, faɗi gaskiya, kunyar minti ɗaya ce.

Jiya da la'asar Nana ta saki ƙafar kujera, ta taka ɗaya, biyu, uku, ta faɗo jikina tana ƙyalƙyala dariya. Na rungume ta na yi kukan da na riƙe tun ranar teburin nan, ita kuma tana ta ja min ɗankwali tana cewa "Mama."