Walburga da Kogon Giya

Shekara talatin da ɗaya muna maƙwabtaka da Walburga Hösl, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan magana. Aure ya kawo ta gidan Alois, ɗaya daga cikin gidajen ƙauyenmu da suka gaji dafa giya tun kaka da kakanni. A babban kaskon ƙauyen ake dafa sha'ir da furen ɗaci, kowa ya kai rabonsa gida, ya sauke shi cikin kogon da aka sara a dutse ƙarƙashin ɗaki, ya yi makonni yana tsima cikin sanyi.

Kowa ya san ta fi mijinta hannu a harkar giya. Sai dai tana tsoron kogon nan kamar mutuwarta. In giya na tsima, wata iska takan fita daga cikinta, ba wari ba launi, ta kwanta a ƙasa kamar ruwa. Irin iskar nan ce ta kashe kawunta tun tana yarinya. Shi ya sa ba ta sauka sai da kyandir ɗaure a bakin sanda, tana miƙa shi gabanta dab da ƙasa, don in iskar na nan wutar za ta mutu.

Alois yakan tsokane ta. "Burgi, an sa mana lantarki fa. Ko ganga za ki yi wa addu'a?"

"Lantarkin naka yana numfashi ne?" in ji ta.

Wata safiya a watan Maris, dusar ƙanƙara ta toshe ramin da kogon ke shan iska, ba wanda ya lura. Ina sharar ƙofar gida sai ga ta, hannunta duk ƙullin dankali.

"Resi, zo. Alois ya daina waƙa."

Shi kuwa ba ya shiga kogon bakinsa a rufe. Maza duk sun tafi daji sarar itace. Muka tsaya bakin matakala, ta kira shi sau uku, shiru. Fitila na ci, muna hango takalminsa ɗaya a gefen ganga.

Ta kunna kyandir, ta fara sauka. Matakala goma sha huɗu ce. A ta shida wutar ta lanƙwashe ta mutu.

Ta hawo, ta ciro igiyar shanya, ta ɗaura a ƙugu, ta danƙa mini bakin.

"Burgi, ki bari in kira mutane."

"Kafin su zo an gama. In kin ji na faɗi, ki ja."

Ta cika ƙirji da iska ta sauka. Igiyar na zamewa cikin tafina. Can sai na ji ta saki, babu nauyin kowa a jikinta. Na ce shi ke nan, gawa biyu zan nuna wa gari.

Ashe kwancewa ta yi ta ɗaura masa a hammata. Ta hawo da rarrafe, leɓɓanta sun yi shuɗi, ta kama igiyar a bayana. Muka yi ta ja, kansa na bugun kowace matakala. Mun fito da shi tsakar gida muna murza shi da ƙanƙara, ya daɗe kafin ya yi tari.

Alois ya rayu, amma harshensa ya yi nauyi, hannun dama kuma bai ƙara riƙe cokali daidai ba. Aikin giya ya koma kanta ita kaɗai, shekara goma sha tara. Duk ranar da za ta sauka sai ta ƙwanƙwasa mini katanga, in zo in tsaya a sama ina yi mata hira, tana amsawa. In amsar ta yi jinkiri ko kaɗan, sai in leƙa ƙasa ina kwaɗa mata kira.

A gadonta ta rasu, da rana tsaka, taga a buɗe. Ɗansu ya sa aka toshe bakin kogon da bulo.