Damanar da Baba Tsoho Ya Ci Masara

Wata Laraba ce a tsakiyar damana, shekarar da na gama aji uku na lakwal, wato makarantar boko, muna cikin babban hutu. Na fito ta bayan gidanmu a Bande da ƙwaryar masara a ka, an lulluɓe ta da tsohon zanen Iya, kakata, kamar mai ɗauke da kayan sata. An ce in bi ta bayan garke, in zaga ta gindin kuka, in kai inji, kada in kuskura in bi ta ƙofar masallaci. Duk na kiyaye. Sai ga wanda ake ɓoye wa, kakana Baba Tsoho, ya ɓullo daga gona da hauya a kafaɗa. "Amarya, me kika ɗauko mini?" in ji shi, don haka yake tsokanata. Na ce dawa ce. Ban rufe baki ba ƙwaya ɗaya ta gangaro ta faɗi tsakaninmu, fara fat, ƙatuwa kamar haƙorin doki. Allah ya kawo zakaran maƙwabta, ya haɗiye ta kafin tsohon ya sunkuya. Har aka yanka zakaran nan da salla ina ganin girmansa.

Baba Tsoho ba ya shiri da masara. Ya yarda yara su gasa ta su ci, amma tuwonta ya sha rantsuwa a majalisa cewa ba a gidansa ba. Yakan ce, "Masara tuwon mai zaman inuwa ce, kafin ka kai ƙarshen kuyya a gona ta sallame ka." Yakan ƙara da cewa gidan da aka ji ƙamshinta, rumbunsa ya mutu. To, a shekarar geronmu ya ƙare tun kafin a gama noman farko. Ya ba Iya akuya ta sayar a sayo dawa. Iya ta je kasuwa ta ga dawa ta yi tsada, masarar da ake shigowa da ita daga Najeriya kuwa da sauƙi. Ta dubi yawan bakunan gidan, ta sayo masara, ta ɗora 'yar jar dawa a kai.

Daga nan gidan ya zama gidan sirri. Sai ya tafi gona ake surfe, a wanke, a shanya a bayan ɗaki, ni ce mai gadin kaji, ni ce mai kai niƙa. Da la'asar Iya ta ɗora tukunya, ta tankaɗe gari, ta dama tsakin ta yi talge. Idan ya yi ta ɓararraka yana tofo mana, sai ta barbaɗa gari, ta sa ƙafa ta dafe tukunya, ta kama muciya da hannu biyu tana tuƙi har gumi ya sauko mata. A nan ne take zuba tafin hannu guda na garin jar dawa, tuwon ya yi ja-ja, ya fita daga kamanninsa. Ni kuma na tsinke lalon da muka ɗebo a bakin gona, a zuba shi cikin ruwan kanwa da daddawa da barkono, in yi ta kaɗawa da maburgi har ya yi yauƙin da in ka ɗaga loma sai ya biyo ka har baki. Akushin Baba Tsoho kaɗai ake ɗiga wa man shanu.

Ya ci, ya ci, har wuyansa ya cika. Kullum bayan magariba sai ya suɗe yatsu ya yi mana wa'azi. "Kun ji dawa? Wannan shi ne tuwon maza!" Mu kuwa kowa ya tura kai cikin kwano. Ƙanena ya taɓa shaƙewa da dariya, Iya ta ɗirka masa dundu ta ce ƙashin kifi ne, alhali rabon gidan da kifi tun bara.

Asirin ya tonu ne ranar da amininsa Malam Habu, mai awon hatsi daga Sassumbrum, ruwa ya tare shi a garinmu. Aka kai musu akushi zaure, na tsaya da butar wanke hannu. Baƙon ya kai loma, ya lumshe ido, ya ce, "Kai, Tsoho, iyalinka ta iya! Ban taɓa cin tuwon masara mai laushin wannan ba." Hannun Baba Tsoho ya tsaya tsakanin akushi da baki, lalo na zarara har gwiwar hannu. Ya dubi lomar, ya dube ni, na dubi rufin zaure. Daga cikin gida aka ji muciya ta faɗi. Na ɗauka yau Iya za ta kwana a gidan ƙaninta. Shi kuwa ina jin yana auna rantsuwarsa da yunwarsa, sannan ya jefa lomar a baki ya haɗiye.

"Habu, ka tsufa a kan tiya ba ka san hatsi ba," in ji shi. "Wannan dawar kudu ce. Amarya, ce wa tsohuwar nan ta ƙaro miya."

Bai taɓa ɗaga maganar da Iya ba, ita ma ba ta ɗaga ba. Washegari dai na bi ta ƙofar masallaci da ƙwaryata a buɗe, yana zaune cikin tsara, ya ɗaga murya ya ce in gaya wa mai inji ya niƙa dawar kudun nan da kyau. Ba wanda ya yi dariya sai da ya tashi.

Yau a Magaria nake da zama. Garin masara a leda nake sayensa, tankaɗaɗɗe, in tuƙa a kan gas ba hayaƙi ba hawaye. 'Ya'yana in sun ga tuwo sai su tambaya ko babu taliya, kowa ya ɗauki farantinsa ya koma gefe da waya a hannu. Tsofaffin nan biyu sun daɗe da kwanta dama. Abinci ya wadata, alhamdu lillahi. Amma ban ƙara ganin gidan da ya haɗa baki kaf don kada tsoho ɗaya ya ji kunya ba.